Ranar da Aka Karanta wa Babana Saƙonnina

Ba zan taɓa mantawa ba, wata ranar kasuwa ce cikin bazara, ina zaune a shagona na ɗinki da ke kusa da tashar Kankia ina fifita da guntun kwali, na ɗaga kai sai na hango mace tsaye a kan rufin shagon mai maganin da ke tsallaken titi. Ta ɗora rigar aiki a kan hijabinta, ta rataya wata jaka cike da filaya da sukurdireba, ƙarti biyu kuma suna ƙasa suna miƙa mata faifan sola. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalli jama'ar da suka bar cinikinsu suka tsaya kallonta ba. Ta dubi rana, ta dubi wani ɗan abin awo da ke hannunta, ta ce a karkata faifan kaɗan zuwa kudu, aka karkata. Ni dai ban san lokacin da kwalin ya faɗi daga hannuna ba.

Ya kamata in faɗa muku irin mutumin da nake a lokacin, don ku yi mini adalci (ban ce na cancanta ba). Tun ina aji biyu a sakandare nake karatun littattafan soyayya na kasuwa, irin waɗanda ake karɓa haya a mayar bayan kwana biyu. Da na fara samun kuɗin ɗinki sai na koma saye, har na cika kwali biyu a ƙarƙashin teburin yanka. A cikinsu na koyi duk abin da na sani game da mata, wato ban san komai ba. Amma darasi biyu sun zauna mini daram. Namiji mai aji ba ya tambayar farashi a gaban budurwa. In kuma ta yi maka shiru, jan aji take yi, kada ka kuskura ka gaji.

Da ta sauko, sai na ga sun kafa tebur a gindin darbejiya ana rubuta sunayen masu son sola. Wani kamfani ne da ya buɗe ofis a garin, suna saka maka kayan a shago ko a gida, kai kuma ka riƙa biya wata-wata. Gaskiya ina da buƙata, don ina da injin surfani na wuta da na saya na hannu, ya fi wata shida a lulluɓe, wutar gari ba ta zuwa, fetur ɗin janareta kuma ya fi ƙarfin ribar. Sai dai ba buƙatar ce ta tashe ni ba. Na shiga bayan labule na cire rigata, na saka wata farar shadda da na gama ɗinka wa wani Alhaji bai zo ya karɓa ba (Allah ya yafe mini, na goge ta kafin ya zo), na tsallaka titi ina tafiyar da nake zaton ta masu kuɗi ce.

Sunanta Habiba, haka aka rubuta a katin da ke wuyanta. Ta yi mini bayanin tsari uku. Ƙaramin na fitila ne da cajin waya. Matsakaicin yana ɗaukar fanka da keken ɗinki, ta ce shi ne daidai da tela. Babban kuma na masu firji ne da dutsen guga da talabijin. Na tambaye ta wanne manyan mutane suke ɗauka, ta ce ya danganta da kayan da mutum yake da su. Na ce a rubuta mini babban. Ta ɗago ta dube ni karo na farko, ta ce ina da firji a shago? Na ce mata har biyu nake shirin mayar da su. Layi ya yi tsawo a bayana, ta rubuta.

Ta karanta mini takardar tun daga sama har ƙasa, wannan shaida ce da zan ba ta ko a gaban alƙali. Ta ce yarjejeniyar ta shekara biyu ce. Ta ce in na sa hannu a nan, na ba kamfani izini ya riƙa cire kuɗinsa kai tsaye daga asusuna na banki duk farkon wata, ba sai na zo ba. Ta ce wanda ya fita kafin wa'adi zai biya tarar kuɗin wata uku. Duk na ji, amma kamar yadda ake jin rediyon maƙwabci. Hankalina yana kan yadda take bin layukan da bakin biro ba ta tsallake ko kalma ɗaya. Na sa hannu wuri uku, ban tambayi nawa ne ba. Sai da na koma shago na duba kwafina na ga dubu goma sha huɗu duk wata, na nemi kujera na zauna.

Washegari aka zo aka saka kayan (ba ita ta zo ba, ƙartin nan ne). Ranar da na kunna injin surfanin nan ya tashi ba hayaƙi ba ƙara, na daɗe tsaye ina kallon allura tana hawa tana sauka. Ranar nan da ta saba gasa mu ita ce yau take juya mini inji. Na fita waje na kalli faifan a kan rufi, na dawo na kalli injin, na sake fita. Har yau in na tuna abin yana ba ni mamaki.

Farkon wata ya yi, alat ɗin banki ya shigo, bayansa kuma wani saƙo ya biyo: "Assalamu alaikum, barka da warhaka. Mun karɓi kuɗinka na wannan watan, mun gode. Allah ya ƙara buɗi. Daga Habiba, wakiliyar yankinku."

To ku faɗa mini, a gidan wa aka taɓa yin sallama aka yi shiru? Mu a Mawashi ko akuya ce ta leƙo zaure sai an ce mata wani abu. Na amsa sallamar, na ce ni ne da godiya. Wata na biyu na ƙara da tambayar ya gajiyar aiki. Wata na uku na ce Allah ya kiyaye ta da hawan rufi. Ba ta amsa ba, sai dai kowane farkon wata ta sake yin sallama, ta sake yi mini addu'ar buɗi. Na ce a raina, mace ba ta yi wa namiji addu'a wata bayan wata a banza. Daga wata na huɗu na buɗe kwalayen littattafaina. Ban kwafi na kowa ba, wannan kam ina alfahari da shi, nawa na riƙa tsarawa, ina gogewa ina sakewa kamar mai fitar da zanen wuyan riga. Daga baya ban ma jira farkon wata ba, duk Juma'a sai na tura. Ita kuwa an mayar da aikinta ƙauyukan Kusada, sai jefi-jefi in hango ta a motar kamfani ta wuce. Ko sau ɗaya ba ta kalli shagona ba. Na ce lallai ajin nan babba ne.

Yanzu bari in kawo muku Babana, don kuɗinsa ne aka ci. Ni ne ɗansa na fari, kuma shi mutumin da ne, tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma duban idona in yana magana. In yana son in yi wani abu, sai ya faɗa wa Inna, ko ya faɗa wa duk wanda ke kusa, in babu kowa ya faɗa wa bango. A shekarar ya riƙe wakensa bai sayar da kaka ba, sai da ya yi tsada ya kawo kasuwar Kankia. Da yamma ya shigo shagona, ya ajiye ƙullin kuɗi a kan teburin keke, ya dubi keken ya ce kuɗin taki ne, buhu biyar, a kai banki a ajiye har ruwa ya sauka, don shi ba ya da asusu, ba ya kuma son kwana da su a ɗaki. Na ce to. Gonarmu jigawa ce, in ba a ba ta taki ba, geron da za ta ba ka ba zai kai gidanmu rani ba. Wannan kowa a gidan ya sani.

Ana haka sai ga wani dogon saƙo daga kamfani. Zan so in ce muku ban karanta ba, amma na karanta, har sau uku. An ce saboda tsadar kayan da ake shigowa da su, daga wata mai zuwa babban tsari zai koma dubu ashirin da uku. Wanda bai yarda ba yana da kwana talatin ya zo ofis ya sauya tsari ko ya fita, ba tara. Wanda ya yarda kuma ya turo amsa. A ƙasa, sunanta.

Mai hankali da ya ga wannan, takalmi zai nema ya nufi ofis. Ni kuwa murna na yi. A littattafan da na sani, ana zuwa wani wuri da budurwa take gwada saurayi ta ga ko kuɗi ya fi ta a wurinsa. Na ce ga shi an zo wurin. Karo na farko kenan da ta nemi in amsa. Na rufe shago rabi, na zauna na tsara saƙon da ya fi duk na baya, na tura, na ji kamar na ci jarrabawa.

Kasuwar ɗinki kuma ta yi sanyi a watannin nan. Ɗan abin da nake da shi a asusu ya ƙare, kamfani kuwa bai san wannan na tela ne wannan na manomi ba, abin da ya tarar yake ɗiba. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Duk alat ɗin da ya shigo sai in ce zan cike da ɗinkin sallah. Sai ruwa ya sauka da wuri, tun kafin sallar.

Kwana biyu da yin shuka Baba ya zo da sassafe, muka tafi wurin mai cirar kuɗi. Da aka duba, abin da ya rage bai wuce na buhu uku da rabi ba. Na yi wa mai cirar kuɗin bayani (shi nake kallo, Baba yana gefe yana ji) cewa kamfanin sola ne ke cirewa da kansa. Baba ya tambayi mutumin, shin kamfanin makullin bankin gare shi? Aka ce a'a, izini aka ba shi. Sai Baba ya ce a nuna mishi ofishin. Ya shige gaba, na bi shi a baya.

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai benci uku, kuma a cike yake, don ƙarin kuɗin ya taɓa mutane da yawa. Akwai 'yan Fakuwa, akwai na Dudunni, akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙanƙara, akwai kuma mutum biyu daga Mawashi da suka taso suka gaishe da Baba. Manajan wani dattijo ne mai tabarau, Malam Lawal, mai magana dalla-dalla kamar mai karanta labarai. Da layi ya zo kanmu, Baba ya yi bayani cikin natsuwa. Ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba, a cire kayan a mayar mishi da kuɗin takinsa.

Malam Lawal ya buɗe kwamfuta ya nemo sunana. Ya ce fita tana yiwuwa, amma sai an biya tarar wata uku a sabon farashi. Saukowa zuwa ƙaramin tsari ma yanzu da tara, don kwana talatin ɗin da aka bayar sun wuce, kuma mai asusun ya amince da ƙarin a rubuce.

"A rubuce?" in ji Baba. "Ina shaidar?"

Manajan ya juyo da fuskar kwamfutar. Baba ya ce shi bai yi boko ba, kuma a garinsu ba a ƙulla magana sai da shaidu, ga mutane nan zaune, a karanta kowa ya ji.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tunda nake, na yi wa mahaifina magana kai tsaye a gaban mutane. Na ce, "Baba, mu bar shi, zan biya." Bai ko juyo ba. Malam Lawal ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. Na lura idonsa ya riga bakinsa zuwa layi na biyu, ya ɗan dakata, ya dube ni da wani irin tausayi. Amma an ce ya karanta, shi kuma mutum ne mai bin ƙa'ida.

"Ya ke wadda ta sauko da rana daga sama ta ɗaura ta a rufin shagona," ya fara, da muryar nan tasa ta labarai. "Saƙonki ya iso, na kuma gane gwajin da ke cikinsa. Ko ninki goma aka ƙara, na amince. Mene ne kuɗi in ban da ƙurar da ke tashi a bayan motarku? Ranar da kika amsa mini, zan gina miki bene a Mawashi, in jera masa faifan sola tun daga soro har turken awaki, don kada duhu ya taɓa ganin fuskarki."

Ban san ko kun taɓa jin shirun mutum ashirin a ɗaki ɗaya ba. Fanka kaɗai ke juyawa. Na kafa ido a kan wata tsaga da ke jikin siminti, ina auna ko zan shige. Ɗaya daga cikin mutanen Mawashi ya kama tari, ɗayan ya fita waje da sauri, muna jiyo dariyarsa ta taga. Dattijuwar nan mai ƙanƙara ta ce, a hankali, "Allah sarki, har awaki."

Baba bai motsa ba. Ya tambayi manajan ko wannan kaɗai ne. Malam Lawal ya ja abin kwamfutar ƙasa, ya ja, ya sake ja, ya ce guda arba'in da ɗaya ne. Dattijuwar ta ce ai sai a ci gaba tunda layin ma ba ya sauri.

Abin da Baba ya yi daga nan shi ne ban zata ba. Ya bar maganar kuɗin gaba ɗaya. Ya tambayi ɗiyar wa ce ake aika wa wannan, iyayenta sun sani, ko kuwa an shekara ana damun ɗiyar mutane a wurin aikinta ba wanda ya je ya gaishe da kowa? Ya ce in haka ne, taki ya tsaya tukuna, wannan ce maganar da ta fi girma.

Manajan ya ɗauki waya ya ce a kira Habiba daga sito, ashe ranar tana gari. Ta shigo tana goge hannu da tsumma. Aka ce mata ga mai shagon ɗinki na bakin tasha. Ta dube ni, ta ce, "Wane shagon?" (Cikin duk abin da aka yi mini ranar, wannan ne ya fi shiga.)

Baba ya miƙe tsaye, dattijo mai furfura, ya ce mata, "Ɗiyata, yaron wajena ne. Ban san shina yi ba. Ki yi haƙuri, ki kuma ba mutanen gidanku haƙuri."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ba ta gane ba. Malam Lawal ya nuna mata kwamfutar. Ta sunkuya tana karantawa, ni kuma ina leƙen fuskarta ta ƙasan ido ina jiran dariya ko tsaki. Babu ko ɗaya. Ta karanta kamar yadda ta karanta mini takardar yarjejeniya, ba ta tsallake layi. Da ta gama ta ce wa Baba ba wanda ya dame ta, don ko ɗaya bai zo hannunta ba. Saƙonnin kwamfuta ce ke turawa, tana manna sunan wakilin yanki a ƙasa, amsoshi kuma suna taruwa a fayil ba mai dubawa sai an sami matsala. Sannan ta ɗan juyo wajena ta ce, "Ni ma ana turo mini duk wata, akwai sola a gidanmu. Sunana ne a ƙasa."

Daga nan ta ce wa manajan ya buɗe mata inda ake ganin wutar da shagona ke ja. Wani zane ya fito mai hawa da sauka. Ta bi shi da yatsa wata bayan wata, ta ce wannan fanka ce, wannan injin surfani ne, wannan cajin waya ne. Ta ce shagon nan tunda aka saka masa kaya bai taɓa jan wutar firji ba ko na awa ɗaya. Ni da nake zaton ba ta san ina duniya ba, ga shi tana karanta rayuwata a jikin layi, har ranakun da ban buɗe shago ba ta nuna. Ta tambaya ko firjin lalacewa ya yi.

"Randa gare shi," in ji Baba.

Wanda ke waje ya sake fashewa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Malam Lawal a ƙa'idar kamfani, wakili ba ya rubuta wa mutum babban tsari sai ya je ya ga kayan da idonsa. Ranar kasuwa ce, layi ya yi yawa, ta ɗauki maganata ba ta je ba. Don haka kuskuren rajista ne, kuma nata ne, takardar kamfani kuwa ta ce in aka yi haka a mayar da mutum tsarin da ya dace da shi ba tara, a dawo masa da bambancin kuɗin da aka cire. Manajan ya ce ta san abin da take faɗa? Za a karɓe kamashon da aka ba ta a kaina, a kuma rubuta a fayil ɗinta. Ta ce a rubuta. Ya ce to amincewar da mutum ya turo da hannunsa fa?

Ta ce, "Yallaɓai, wannan ba kamfani aka rubuta wa ba. In kamfani zai riƙe layin amincewa, sai ya riƙe na benen ma, ya je Mawashi ya karɓa."

Malam Lawal ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya dawo daidai ya jawo fom. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma duk littattafaina babu shi a ciki. A can, namiji ne ke shigowa a ƙurarren lokaci ya zaro kuɗi ya ceci yarinya. A nan yarinya ce ta fito daga sito da tsumma a hannu, ta ɗauki laifin ƙaryar da ni na yi, ta biya da aljihunta, don wani tsoho da ba ta taɓa gani ba ya sami takin gonarsa. Ta gama ta koma sito, ko sallamar kirki ban iya yi mata ba.

Aka mayar da ni matsakaicin tsari, wanda ta ce in ɗauka tun ranar farko. Aka ce kuɗin za su dawo asusu cikin mako, kusan na buhu ɗaya. Muka fito, Baba a gaba ina baya, har shagon mai taki. Ya sa aka ɗora buhu uku a amalanke. Mai takin ya ce ba biyar aka yi da shi ba? Baba ya dubi buhunan ya ce, "Sauran biyun Mai Bene zai kawo."

Na kawo su kuwa, cikin kwana tara, kafin a gama noman farko. Kuɗin kamfani sun dawo kamar yadda aka ce. Ragowar rabin buhun na kai kwalayen littattafaina wurin mai haya, ya ba ni abin da bai kai tiya uku ta taki ba (shekara goma sha biyu na karatu kenan), dole na haɗa da wayata na koma ƙarama mai tocila. Geron ya yi kyau a shekarar. Sunan kuma ya bi ni. Mutanen Mawashi biyun nan sun riga mu isa gida, kuma har yau da nake da mata da 'ya'ya, in na shiga garin ba mai kirana da wani suna. Baba ma da ya kusa shekara talatin yana magana da bango, yanzu ya sami abin da zai kira ni da shi ba tare da ya karya al'ada ba, yana kuma amfani da shi fiye da yadda ake buƙata. Bayan wata biyu kamfanin ya cire sunayen wakilai daga saƙonninsa, ya cire har addu'ar buɗin. Duk wanda ke karɓar busasshen saƙo daga Fakuwa zuwa Dudunni, ni ne sanadi, ina neman afuwa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Har yanzu ina amsa sallama, ba zan iya bari ba, amma sai na tabbatar akwai mutum a bayanta. Ina kuma tambayar farashi a gaban kowa, da ƙarfi, har sau biyu.

Habiba ta bar kamfanin bayan wasu shekaru ta buɗe nata a Kusada. Yanzu ita ke saka wa rijiyoyin burtsatse sola a ƙauyukan yankin, tana da ma'aikata maza wajen goma, ta yi aure tana da yara uku. Bara ta aiko a kira ni, tana son a ɗinka wa ma'aikatanta rigunan aiki. Na je, na zauna a ofishinta, muka yi ciniki, ta taya ni ƙasa-ƙasa kamar kowa, muka daidaita. Ko da wasa ba ta ɗauko tsohon zance ba. Ta sa aka buga takardar aikin, shafi biyu, ta miƙo mini. Na zaro biro zan sa hannu, sai ta ɗora tafinta a kan wurin sa hannun, ta ɗauki wayarta da ɗayan hannun ta ci gaba da harkokinta. Ba ta ɗaga ba sai da ta ji na karanta layin ƙarshe a bayyane.